Geron da Na Kai Ruhewar Malam a Kaina

Tun da na dawo ban huta ba. Mai zuwa ɗibar wuta sai ta zauna, mai zuwa aron turmi sai ta zauna, kowa da tambaya ɗaya: Inna Tumba, yaya hanya, yaya mutanen can? Na faɗa har muryata ta dushe. Sai kuma na ji taubashiyata Kulu, wadda muka tafi tare, tana bi gida-gida tana ba da nata labarin, wanda a cikinsa ita ce jaruma ni ce kaya. Shi ya sa na kira Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Zuru mai koyarwa a firamare, na ce ta ɗauko biro. Ban yi boko ba, amma baki gare ni. Wanda ya ƙara tambaya a karanta masa.

Abin ya samo asali tun muna ƙauyenmu kusa da Sunke, shekarun da ake daka dutsen zinari a tsakar gida, a turmin da muke daka hatsi. Gubar dalma ta shiga yara. Gida kaɗan ne ba a yi kuka ba. Jikata Balki tana rarrafe a lokacin, ranar nan ta sandare a hannuna, idanu suka juye. A bakin gadonta a asibiti na yi wa Allah alkawari: in yarinyar nan ta tashi, zan ɗauki geron gayaunata a kaina, in taka da ƙafata zuwa Ruhewar Malam, in zuba shi da hannuna.

Ruhewa ita ce rumbun ƙasa, irin babban nan mai baki a sama. Ruhewar Malam kuwa ƙauye ne a ƙasar Nijar, gaba da Ƙonni, inda kabarin wani malami na da yake. Ya bar ruhewa guda wadda ba ta kowa ba ce, daga cikinta ake ciyar da baƙo da wanda yunwa ta kama. Mai ziyara yakan sauka mota inda kwalta ta ƙare, ya aza hatsinsa a ka, ya taka, ya kwana a hanya, ya yi wa malam addu'a, ya zuba. Innata ta je tana da ƙuruciya, daga bakinta na san wurin.

Balki ta tashi. Yanzu ta fi ni tsawo, har gardama take yi da ni. Ni ce ban samu tafiya ba: maigidana ya kwanta jinya mai tsawo ya rasu, 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo cikin Anka, sannan aka rufe iyaka. Ana haka gwiwata ta fara magana. Bana na ce ko da rarrafe ne.

Ɗana Sani ya zauna ya ce, "Inna, sadaka ko nan Anka kika ba da ta, Allah na karɓa. Ga mabuƙata nan ƙofar gida."

Na ce, "Na sani. Amma ba da kai na yi alkawari ba, kuma ba Anka na ambata ba."

Ni na zaɓi lokaci. Na ce tsakiyar damina, bayan an gama maimai, kafin gero ya nuna. Lissafina shi ne kowa yana gona, hatsin bara ya ƙare a hannun mutane, hanya za ta zama tawa ni kaɗai, in bi ta a hankali yadda gwiwa ta yarda. Malama Rifkatu ta ce min, "Inna, hutun makaranta ake yi fa, ga Maulidi ya faɗo ciki, ma'aikata ma za a ba su hutu." Na ce mata hutu na masu takalmi ne, wane mai hankali zai bar gona da damina? Ga ta nan tana dariya tana rubutawa. Rubuta, kin faɗa, na ji. Amma lissafina daidai yake da zamanin Innata, lokacin da manoma ne ke zuwa ziyara. Duniya ce ta canja masu tafiya ba ta aiko an gaya mini ba.

Na sussuke geron da na ɓoye, na sheƙe shi, na cika babbar ƙwarya, na kife faifai, na ɗaure da tsumma. Kulu ta ce in zuba a buhu in sa leda.

"Leda? Malam na kai wa ko kanti?"

"To Allah shi sa samaniya ta san ƙwarya ta Inna ce," in ji ta.

Daga Anka ba a fita sai rana ta ɗaga, motoci su jeru su bi juna. Direba ya so ya cusa ƙwaryata a bayan mota tare da jarkoki, na ce a cinyata za ta zauna. Tsakanin mahaɗar Bukkuyum da Gummi ba mai magana, kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi. Da muka hango gidajen Gummi sai hira ta ɓarke kamar an buɗe garken awaki. Mun kwana wurin ɗiyar Kulu, ta yi mana miyar kifi wadda har yau nake tunawa. Kashegari Sakkwato, daga nan Illela.

A bakin iyaka wani mai kaki ya tare ni ya ce ba a fita da hatsi. Ya kwance tsumman, ya nutsa hannu har wuyan hannu.

Na ce, "Ɗana, ka wanke hannun nan kuwa?"

Ya dube ni, ya dubi Kulu, ya yi dariya. Da ya ji inda za mu sai ya ɗaure mini da kansa, ya ce in sa uwarsa a addu'a. Har mun juya ya ƙara da cewa, "Ku ma can? Ai tun shekaranjiya mutane ke malala." Na yi kamar ban ji ba. Kulu ta ji.

Inda kwalta ta ƙare, Innata ta ce akwai tsamiya da rijiya da wata mai fura. Tsamiyar tana nan, amma sai da na yi ta leƙe kafin in gan ta. Motoci manya da ƙanana sun kewaye ta, yaran makaranta da riguna iri ɗaya, lasifika na tashi ta kowane gefe, maza da tumbi da huluna masu tsada suna ta waya.

Kulu ta dafa kafaɗata. "Tumba, gaskiyarki. Dubi yadda kowa ya tahi gona."

Na naɗa gammo, na ce ta aza mini.

Hanyar siririya ce, tsakanin gonakin gero, ba ta fi mutum biyu su jera ba. Tafiyar da na yi niyya, in taka in huta, ba ta yiwu ba, don in ka tsaya na bayanka zai hau ka. Sauri kuma ba dama, na gaba ya toshe. Sai ja da ƙafa, wanda ya fi komai cin gwiwa. Da yawansu 'yar ledar shinkafar kanti ce a hannunsu, suna kaɗa ta kamar jakar kwalliya. Masu hali kuwa babura ne suka ɗauko musu buhuna, suna danna oda suna tura mu cikin shukar mutane. Masu gonakin suna tsaye da sanduna suna ihu a bar taka musu gero. Su na fi ji wa. Da gonata ce da an ji muryata a Ƙonni.

Wani saurayi ya sha gabana da waya. "Hajiya, tsaya in ɗauke ki! Irin ta da ce sak!"

Na ce, "Ɗauki uwarka." Bai ji haushi ba, ya ce ai tana baya, a kan babur.

A rijiyar farko layi ya miƙe har cikin gona. Nan muka haɗu da Madam Hadiza, ma'aikaciyar asibiti daga Maraɗi, da 'ya'yanta mata. Ita ta ba mu ruwa daga gorarta. Na tambaye ta me ya fito da mutane haka cikin ruwa. Ta ce yara suna hutun lakwal, wato makaranta a bakinsu, ga hutun Maulidi ya manne da ƙarshen mako, in ba yanzu ba ita ba ta da wata rana sai baɗi. Na ce mu a wurinmu rani ne lokacin tafiya. Ta ce, "Inna, mu ba mu da rani, ba mu da damina. Takarda ka sallamarmu." Na ji tausayinta. Mace da girmanta, sai an ba ta izini ta je ta yi addu'a.

Abincinsu ma sai a hankali. Burodinsu dogo ne kamar muciya, da tauri, na ce da haƙora uku ba zan yi faɗa da shi ba. Kwaɗon zogale sun iya, ban hana musu ba, sai dai ƙuli ya yi musu kaɗan. Fura kuwa su abincin rana ce sosai, ba abin sauke gajiya ba, amma kafin mu iso kowace mai fura ta kife ƙwaryarta. Shayi suke dafawa a 'yar buta, baƙi ƙirin, a ba ka a ƙoƙon da bai kai na maganin tari ba. Kulu ta sha biyu ta ce zuciyarta na gudu.

Ƙauyen da ake kwana ya cika tun la'asar. Zaure, masallaci, ƙarƙashin rumbuna, ko'ina ƙafafu ne. Wata mata ta dubi furfurata ta ce in ba mu ƙi ba akwai madafa. Muka kwanta tsakanin murhu da tulu, ƙwaryata a ƙirjina, akuyarta tana leƙo mu tana shinshina gero. Kulu ta ce ko a gidan miji ba ta taɓa kwana kusa da toka haka ba. Na ce ai shi ya sa tuwonta bai taɓa nuna ba.

Da hantsi kashegari hadari ya taso daga gabas. Da ni kaɗai ce a hanya, da tun ina ganinsa na ratse na nemi bukkar gona. Amma ba wurin ratsewa. Ruwa ya sauko, jama'a duka suka ruga gindin wani gawo guda, wanda da damina ko ganye ba ya da shi. 'Yan birni ke nan. Aka matse ni, wani ya buɗe lema, ƙarfenta ya kama tsumman ya fige, faifai ya yi sama. Kafin in sauke ƙwarya in rufa mata mayafina, ruwa ya riga ya kwanta a kan gero. Na tsiyaye abin da zan iya. Kulu ta zame ta zauna daɓas cikin taɓo, takalminta ɗaya ya tafi, har yau yana Nijar. Wannan ba ta faɗa muku ba.

Mun isa Ruhewar Malam gwiwata ta kumbura kamar tulu. Daga nesa na hango ruhewar, ja, ta fi kowane ɗaki tsawo, da hular ciyawa a kanta. Ban kai gare ta ba. An ja igiya an kewaye wurin, samari suna tsaye da buhuna a buɗe, suna cewa, "Ku zuba nan, ku wuce! Ku zuba nan, mu ka kaiwa!" Mutane suna zubawa suna wucewa wajen kabari, ana tura su gaba kafin su shafa fatiha.

Na ce wa na gabana, "Ni da hannuna zan zuba ciki."

"Inna, ba a shiga. Jiya an kusa ture ruhewar."

"To ba ni zubawa."

"To matsa, akwai mutane bayanki."

Na matsa. Kulu ta biyo ni tana ɗingishi da ƙafa ɗaya a ƙasa. "Tumba, ki ji tsoron Allah. Kin taka, kin ɗauko, kin iso. Zuba mu tahi. Madam ta ce akwai wuri a motarsu."

Na ce, "Abu uku na ce a bakin gadon Balki. Kai, ƙafa, hannu. Biyu na yi."

"Allah bai san uzuri ba?"

"Ya sani. Ni ce ba ni da shi. Waɗanga duka takarda na jiransu, ni wa ke jirana? Su gama hutunsu su tafi."

Ta zage ni tas, ta zagi gwiwata, ta zagi ranar da iyayenmu suka zama wa da ƙanwa. Sannan ta je ta gaya wa Madam Hadiza su tafi, mu muna nan.

Wata tsohuwa a bayan gari ta ba mu gefen rumfarta, muna taya ta daka da wanke-wanke, don ita ma baƙi sun ci ta da yawa. Damuwata gero. Jiƙaƙƙen gero shanya yake so nan take, amma ina wurin? Duk inda ƙasa ta bushe mutum ne a kai. Na gwada baza shi a zanena, yara suka bi ta kai da gudu. Rana kuma ta ƙi fitowa. Ina sa hannu cikin ƙwarya ina jin ɗumi yana tasowa. Duk matar da ta taɓa ajiye hatsi ta san wannan ɗumin. Ban gaya wa Kulu ba, amma hancinta ya gaya mata.

Hutu ya ƙare kamar an zare toshiyar tafki. Wata safiya na fito na ji kukan kurciya. Ba lasifika, ba babur, sai ledoji suna yawo a fili da kaji suna tono. An kwance igiya. Na je kabarin malam na zauna, ba mai tura ni, na yi addu'a har ta ishe ni, ban manta da uwar mai kaki ba. Sannan na ɗauki ƙwarya zuwa wurin mai kula da ruhewa, wani dattijo siriri mai ido ɗaya, jikan jikan malam ne aka ce.

Ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi gida, ya tambayi Zamfara, ya ce suna jin abin da ke faruwa da mu. Ya buɗe ƙwarya. Bai ma sa hannu ba, shinshinawa ya yi. Sannan ya ɗebo a tafinsa ya nuna mini. Ƙwayoyi sun fitar da farin tsiro, wasu sun dunƙule.

"Inna, wanga in ya shiga, ya kashe na mutane."

Kulu ta buɗe baki za ta yi masa bayanin nisan da muka taho, na ce ta yi shiru. Gaskiya ya faɗa. Da wata ta kawo irin wannan bakin rumbuna, da ƙwaryar zan bi ta. Na ce masa, "Malam, ara mini tabarma. Yanzu dai akwai ƙasa."

Na baza shi a tsakiyar filin da jiya ko tsayawa ba a yi. Allah ya saki rana. Na zauna na miƙe ƙafa ina tsince mai tsiro da mai baƙi, ina warewa gefe. Idona ba na da ba ne, da yatsa nake ji. Kulu ta samu kara ta zauna gadin kaji, tana yi musu zagin da ya rage daga nawa. Matan gari suka zo za su taya ni, na ce su zauna su yi mini hira dai. Wuni ya tafi, na kwashe, kashegari na sake bazawa, na bakace. Mai tsiron muka ba tsohuwar da ta sauke mu, ta dama kunu mai zaƙi, aka sha har maƙwabta. Abin da ya rage mai kyau bai kai rabin ƙwarya ba. Na dube shi a gindin ƙwaryar nan babba, raina ya ɓaci, amma nawa ne.

Dattijon ya ɗauki ƙwaya ya sa a haƙori. Ta ce ƙas.

"Ya yi," in ji shi. Ya juya zai kira wani ƙato ya hau.

"A'a, Malam. Hannuna na ce."

Ya dubi tsani, ya dubi ƙafata. Tsanin itace ne guda da aka sassaƙa wa matakai, an jingina shi da cikin ruhewa. Ya ce mata ba su cika hawa ba, balle tsofaffi. Na ce an hana ne, ko ba a saba ba? Ya ce ba a saba ba. Ya sa ƙaton ya hau ta ɗaya gefen ya ɗaga hular ciyawa.

Na juye geron a mayafina na goya shi a baya kamar jariri, na ɗaure zane tamau. Kulu ta rungume gindin tsani.

"In kin hwaɗo, ni ka gadon zannuwanki."

"Riƙe da kyau, ba su yi miki."

Ƙafar kirki nake fara ɗorawa, in jawo mai ciwon ta same ta. Kowane mataki sai na ji gwiwar ta yi ƙara har cikin kunnena. A tsakiya itacen ya ɗan juya, na ji matan ƙasa sun yi salati gaba ɗaya. Na manna goshina da jikin ruhewa, ƙasarta da ɗumin rana, na jira numfashina ya dawo. Ban dubi ƙasa ba. Na ci gaba.

Innata ta ce in ka leƙa bakin ruhewar duhu za ka gani, ka zuba ka ji saukar hatsi can ƙasa kamar ruwa a rijiya. Ni da na kai, hatsi na gani dab da hancina. Ta cika maƙil. Gero, dawa, har da shinkafar kantin nan da na rena, duk a gauraye. Mutanen da na kwana ina tsine wa, masu lema da masu babur, su suka cika ta har hannuna ya kai ba tare da na sunkuya ba.

Na kwance goyo, na ɗiba da tafina ina zubawa, har ya ƙare, na kakkaɓe mayafin. Na baje shi da hannu a kan na kowa.

Dattijon ya ɗaga murya daga ƙasa. "Na bisa shi aka fara ɗiba, Inna. Gobe naki za a daka."

Kulu ta ce hannunta ya mutu, in sauko haka nan. Na ce ta riƙe, ban gama ba. Na dafa geron na kira sunan Balki. Sannan na fara kiran sa'o'inta na ƙauyenmu, waɗanda ba su tashi ba, gida-gida, daga bakin rijiya zuwa bayan masallaci. Ban tsallake ko ɗaya ba. Da na kai gidan su Kulu na kira nasu yaron, ta bar magana.